Darasi na Bakwai: Buɗe Ɗanyun Hotunan Sabuwar Kyamara a Manhajar Gyara

Daga cikin matsalolin da ke tarar mai ɗaukar hoto bayan ya sayi sabuwar kyamara akwai wadda kan tayar masa da hankali fiye da kima. Yakan ɗauki hotuna, ya ga sun fito tsaf a allon bayan kyamarar, ya kwashe su zuwa kwamfuta, sai manhajar gyaran hoto da ya daɗe yana aiki da ita ta ƙi buɗe su, ta ce ba ta gane irin fayil ɗin ba, ko ma ta ce ya lalace. A mafi yawan lokuta babu abin da ya sami kyamarar, babu abin da ya sami hotunan, illa iyaka dai manhajar ta girmi kyamarar, wato an rubuta ta tun kafin a ƙera wannan samfurin, don haka ba a koya mata karanta abin da yake rubutawa ba. Wannan darasi zai bayyana abin da ke ƙunshe a cikin ɗanyen fayil, da dalilin da ya sa dole a koya wa manhaja kowace kyamara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi hanyoyin da ake warware matsalar.

Abin da ke cikin ɗanyen fayil

Ɗanyen fayil, wanda ake rubuta wa RAW a cikin saitin kyamara, shi ne lambobin da sensa ta auna a lokacin ɗauka, an adana su kusan yadda suke ba tare da an mayar da su cikakken hoto ba. Sensa kuwa ɗan faifai ne da ke bayan gilashin kyamara, wanda aka jera wa miliyoyin ƙananan gurabun karɓar haske da ake kira fiksel, kuma kowane gurbi abu ɗaya kawai ya iya, wato auna yawan hasken da ya faɗo masa, amma bai san launi ba. Domin a samu launi sai aka shimfiɗa wa sensar wata matata mai ɗigo-ɗigon ja da kore da shuɗi, ta yadda kowane gurbi launi ɗaya kaɗai yake gani. Tsarin da yawancin kyamarori ke bi shi ne wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak a Amurka ya ƙirƙira, aka yi masa rajistar mallaka a 1976, inda a cikin kowane gurbi huɗu biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon ɗan Adam ya fi kama bambancin haske a ɓangaren kore.

Ke nan a cikin ɗanyen fayil kowane fiksel launi ɗaya ne da shi daga cikin ukun da ake bukata, kuma sai an yi lissafi an cike masa sauran biyun ta hanyar duba maƙwabtansa. Wannan cike launi yana daga cikin ayyukan farko na manhaja. Haka kuma takan daidaita farin launi, wato ta gyara rinjayen da hasken wurin ya yi, tun da hasken rana da na ƙwan lantarki ba iri ɗaya ba ne, sannan ta juya launukan sensar zuwa launukan da allon kwamfuta ke iya nunawa, ta ƙara kaifi, ta rage ɗige-ɗigen da ke bayyana a hoton da aka ɗauka cikin duhu. Idan an saita kyamara a kan JPEG, ita da kanta take yin duk wannan aiki cikin ƙiftawar ido, ta matse sakamakon, ta zubar da ragowar bayanan. Bambancin kamar na gero ne da tuwo: mai gero a hannu yana iya yin fura ko kunu ko tuwon, amma wanda aka miƙa wa tuwo ba shi da sauran zaɓi sai na miya.

Ribar ɗanyen fayil tana fitowa fili idan aka dubi lambobi. Hoton JPEG yana da bit 8 a kowane launi, wato matakai 256 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, alhali ɗanyen fayil yakan zo da bit 12 ko 14, wato matakai 4,096 ko 16,384. A aikace, wanda ya ɗauki ango sanye da farar shadda a tsakiyar rana yakan tarar a JPEG cewa ko dai aikin wuyan rigar ya ɓace cikin farin haske, ko kuma fuskar ta yi duhu, domin tazarar da ke tsakanin hasken rigar da na fatar tana da yawa. A ɗanyen fayil sau da yawa zaren aikin yana nan a ɓoye, ana rage hasken rigar ya bayyana, a kuma ɗaga inuwar fuskar ba tare da launin fata ya dagule ba. Sai dai wannan riba tana da farashi, domin fayil ɗin kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabayit 25 zuwa 30, kuma babu mai iya ganin ainihin hoton sai ta hannun manhajar da ta san shi.

Dalilin da ya sa ake koya wa manhaja kowace kyamara

JPEG ƙa'ida ce guda ɗaya da aka amince da ita tun 1992, shi ya sa ko tsohuwar waya tana buɗe hoton da kyamarar bana ta ɗauka. Ɗanyen fayil kuwa ba shi da ƙa'ida guda. Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma ana gane shi daga haruffan ƙarshen sunan fayil: Canon na amfani da CR2 da CR3, Nikon da NEF, Sony da ARW, Fujifilm da RAF, Panasonic da RW2, kyamarorin Olympus kuma da ORF. Yawancin kamfanonin ba sa wallafa cikakken bayanin tsarinsu, don haka masu rubuta manhaja sai sun samu fayilolin sabuwar kyamara sun warware su da kansu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne haruffan ƙarshen ba su isa shaida ba. Wanda manhajarsa ke buɗe NEF na tsohuwar Nikon ɗinsa yakan zaci dole ta buɗe NEF na sabuwar, alhali sunan ne kawai ɗaya. A cikin kowane fayil an rubuta sunan samfurin kyamarar, kuma manhaja tana fara duba wannan suna a cikin jerin kyamarorin da ta sani, domin ga kowane samfuri tana bukatar ta san yawan fiksel da yadda aka jera su, da lambar da ke matsayin baƙi ƙirin, da wadda daga ita haske ya cika ya tumbatsa, da irin matsin da aka yi wa bayanan, da kuma yadda matatar wannan sensar ke ganin launuka. Wannan na ƙarshe ba a samun sa sai an auna, wato a ɗauki hoton allon launuka sanannu a ƙarƙashin haske iri biyu, ɗaya mai kama da na rana ɗaya kuma na ƙwan lantarki, a fitar da abin da ake kira furofayil ɗin launi. Idan sunan kyamara ba ya cikin jerin, manhaja ta gwammace ta ƙi buɗewa da ta fitar da hoto mai gurɓataccen launi, kuma wannan hukunci ne mai kyau ko da yake yana ɓata rai.

Labarin CR3 ya isa misali. Kamfanin Canon ya shafe shekaru tun daga 2004 yana amfani da CR2, wanda aka gina a kan tsarin TIFF, sai a 2018 ya fito da CR3 a cikin kyamarar EOS M50, aka kuma ci gaba da shi a kyamarorin jerin EOS R. Sabon fayil ɗin ba gyaran tsohon ba ne, domin mazubinsa ma daga dangin na bidiyon MP4 yake. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanin Adobe ya riga ya koma tsarin biyan kuɗin wata-wata tun 2013, kuma a manhajarsa ta gyaran hoto, zubin Lightroom 6, wanda shi ne na ƙarshe da ake saya sau ɗaya a mallaka, ya sami sabuntawarsa ta ƙarshe mai lamba 6.14 a watan Disamba na 2017, 'yan watanni kaɗan kafin CR3 ya bayyana. Haka nan Photoshop CS6 ya tsaya a kan Camera Raw 9.1.1 na 2015, Camera Raw kuwa shi ne ɓangaren da ke buɗe wa Photoshop ɗanyun fayiloli. Saboda haka duk shagon hoton da har yanzu ke aiki da ɗayan waɗannan biyun ba zai taɓa buɗe CR3 kai tsaye ba, komai yawan cirewa da sake ɗorawa da aka yi. Manhajojin kyauta ma sun sha jira, domin darktable sai a zubinsa na 3.8, a watan Disamba na 2021, ya fara karɓar CR3.

Wani lokaci kuma matsalar ba ta samfurin ba ce, ta saitin da aka zaɓa ce. Kyamarar Nikon Z9 ta 2021 ta zo da wani sabon matsi da ake yi wa alama da HE, wanda fasaharsa ta wani kamfanin Beljiyam ce mai suna intoPIX, kuma manhajoji da dama sun karɓi fayilolin kyamarar na matsin da aka saba amma suka gagara karanta na HE. Tun a 2005 aka taɓa irin wannan ja-in-ja, lokacin da Thomas Knoll, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Photoshop, ya bayyana cewa Nikon ya kulle bayanan daidaita farin launi a fayilolin kyamarar D2X, abin da ya sa masu ɗaukar hoto suka fara tambayar wa ke da iko da bayanan hoton da su suka ɗauka.

Gano inda matsalar take

Kafin a nemi magani ya kamata a bambance fayil ɗin da ba a san shi ba da wanda ya lalace, tun da saƙon da manhaja ke fitarwa yakan haɗa su wuri ɗaya. Idan duk fayilolin sabuwar kyamara sun ƙi buɗuwa amma na tsohuwar suna buɗuwa, to maganar rashin sani ce. Idan kuwa ɗaruruwa sun buɗe sai ɗaya ko biyu suka fito da layuka ko rabinsu ya rine da launi ɗaya, to a tuhumi katin memori ko na'urar karanta kati ko wayar da aka kwafa da ita, musamman ganin yadda katunan jabu suka yawaita a kasuwa.

Ganin hoto a allon kyamara ko ɗan ƙaramin hotonsa a cikin folda ba ya nuna cewa manhaja za ta iya buɗe shi. A cikin kowane ɗanyen fayil kyamara takan cusa wani JPEG na dubawa, kuma shi ne ake gani a bayan kyamara. Tabbaci yana samuwa ne ta hanyar duba lambar zubin manhajar da ke kan kwamfuta, a gwada ta da jerin kyamarorin da kamfanin manhajar ya wallafa, inda ake rubuta mafi ƙarancin zubin da kowace kyamara ke bukata.

Hanyoyin buɗe fayil ɗin

Hanya mafi sauƙi ita ce sabunta manhaja, kuma ga mai biyan kuɗin wata wannan aikin 'yan mintuna ne muddin akwai data. Amma tana da sharuɗɗa biyu. Idan kyamarar ba ta daɗe da fitowa ba, ana iya jiran makonni kafin a saka ta a jerin. Sannan sabon zubin manhaja yakan bukaci sabon Windows ko macOS, ita kuma tsohuwar kwamfuta ba lallai ta ɗauke su ba, ta haka sayen kyamara kan jawo wa mutum sayen kwamfuta ba tare da ya shirya ba. Manhajar da aka ɗora ta bayan fage kuwa ba ta karɓar sabuntawa, kuma neman wani zubinta a shafukan da ba a sani ba hanya ce ta kwaso wa kwamfutar aiki ƙwayar cuta.

Ga wanda ke son ya ci gaba da tsohuwar manhajarsa, hanyar da ta fi dacewa ita ce DNG. Wannan wani tsarin ɗanyen fayil ne da Adobe ya fitar a watan Satumba na 2004, ya wallafa bayaninsa ga kowa, kuma hikimarsa ita ce fayil ɗin yana ɗauke da bayanan kyamarar a cikinsa, da lambar baƙi da ta fari da lissafin launi, don haka manhaja ba ta bukatar ta san kyamarar tun da farko. Kamfanoni irin su Leica da Pentax suna rubuta DNG kai tsaye daga kyamara, haka ma wayoyi da yawa. Sauran kuwa ana juya fayilolinsu da wata ƙaramar manhaja mai suna Adobe DNG Converter, wadda kyauta ce kuma ana sabunta ta tare da Camera Raw. Ana nuna mata foldar da ɗanyun fayilolin suke, domin folda take karɓa ba fayil ɗaya ba, a zaɓi wata folda dabam da za ta zuba sakamakon, sannan a cikin saitinta a zaɓi zubin Camera Raw da ya yi daidai da tsohuwar manhajar ko ya girme ta. Wannan zaɓin shi ne inda aka fi yin kuskure. Fayil ɗin da ya fito har yanzu ɗanye ne, yana da duk matakan haskensa, kuma Lightroom 6 ko Photoshop CS6 za su buɗe shi.

Duk da haka bai kamata a goge fayilolin asali bayan an juya su ba. Manhajojin kamfanonin kyamara ba sa buɗe DNG da aka juya, wasu bayanan da kamfani ya keɓe wa kansa ba sa amfani bayan juyawa, kuma idan gardama ta taso a kan wanda ya ɗauki hoto ko a kan ko an sauya shi, fayil ɗin asali ne ake nema.

Hanya ta uku ita ce manhajar da kamfanin kyamarar ke bayarwa kyauta, wadda ta san kyamarar tun ranar da ta shiga kasuwa. Canon na da Digital Photo Professional, wanda akan nemi lambar jikin kyamara kafin a sauke shi, Nikon na da NX Studio, Sony kuma Imaging Edge. Sukan yi nauyi, kuma ba su da daɗin aiki idan hotunan biki ne dubu ɗaya, amma launin da suke fitarwa shi ne ya fi kusa da wanda aka gani a bayan kyamara. Abin da ake yi shi ne a gyara haske da farin launi a cikinsu, sannan a fitar da hoton a matsayin TIFF mai bit 16 a ƙarasa a manhajar da aka saba. Sai dai TIFF ba ɗanye ba ne, an riga an cike masa launi, kuma girmansa ba wasa ba, domin fiksel miliyan 24 sau launi uku sau bayit biyu ya kama kusan megabayit 144 a hoto ɗaya. Don haka wannan hanya ta zaɓaɓɓun hotuna ce, irin wanda za a wanke a saka a firam.

Manhajojin kyauta irin su darktable da RawTherapee sun cancanci a gwada su, musamman ga wanda biyan dala duk wata ya yi wa nauyi, ko da yake koyonsu yana ɗaukar lokaci. Akwai kuma dabaru biyu da ake yaɗawa waɗanda ya kamata a yi hattara da su. Sauya haruffan ƙarshen fayil, misali daga CR3 zuwa CR2, ba ya sauya komai a cikinsa. Sauya sunan samfurin kyamara a cikin fayil da manhaja irin ExifTool kuwa yakan yi aiki ne kawai idan sabuwar kyamarar da tsohuwar suna da sensa da tsarin fayil iri ɗaya, kuma ko a nan launin yana iya karkata, don haka in ma za a gwada, a kan kwafi ake yi.

Idan ya buɗe amma launi ya sauya

Sau da yawa hoto yakan fara bayyana da kyakkyawan launi, bayan daƙiƙa ɗaya sai ya dusashe, mai shi ya ɗauka manhaja ta ɓata masa aiki. Abin da ya faru shi ne ta fara nuna JPEG ɗin dubawa, wanda kyamara ta riga ta yi wa kwalliya da salon launin da aka zaɓa a cikinta, sannan ta maye gurbinsa da nata lissafin daga ɗanyun bayanan. Salon launin kyamara umarni ne da aka rubuta a gefe, kuma manhajar wani kamfani ba dole ta bi shi ba. A Lightroom da Camera Raw akwai furofayil masu kwaikwayon salon kyamara, kuma zaɓar ɗaya daga cikinsu yakan dawo da hoton kusa da yadda aka gan shi. Duk gyaran da aka yi ba ya taɓa ɗanyen fayil ɗin, ana rubuta shi ne a kundin manhajar ko a wani ɗan fayil mai ƙarshen XMP da ke zama kusa da shi, wanda idan aka kwashe hotuna zuwa wata kwamfuta aka bar shi, gyaran ba zai bi su ba.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi zai saita kyamarar da ke hannunsa a kan RAW da JPEG tare, saitin da ya kamata a riƙa aiki da shi duk lokacin da kyamara ke sabuwa, domin ko ɗanyen ya ƙi buɗuwa akwai abin da za a miƙa wa mai biki. Zai ɗauki hotuna uku na mutum sanye da fararen kaya, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya rubuta sunan samfurin kyamarar da haruffan ƙarshen fayil da lambar zubin manhajarsa, sannan ya gwada buɗe su. Wanda nasa suka ƙi zai juya su zuwa DNG ya sake gwadawa. Daga nan kowa zai rage hasken rigar a ɗanyen fayil da kuma a JPEG ɗinsa da gwargwado ɗaya, ya ajiye su gefe da gefe, ya rubuta a wane daga cikin hotunan uku bambancin ya fi fitowa da abin da yake ganin ya jawo hakan, ya kawo a darasi na gaba tare da fayilolin asali a kan katinsu.